Hannun uwa da idon kasuwa: hira da wata maginiya ta ƙasar Imanan

Duk wanda aikinsa ya zamanto koyar da harsuna biyu, kamar yadda nawa yake, ya san akwai kalmomin da ba sa ƙetarawa daga wannan harshe zuwa wancan sai sun yar da wani abu a hanya. Ɗaya daga cikinsu ita ce sunan mai sarrafa yumɓu. Faransanci yana da kalmomi biyu. Akwai potière, wato matar da ke gina tukwane ta kai kasuwa. Akwai kuma céramiste, wanda ake baje aikinsa a zauren nuni, a rubuta sunansa a ƙarƙashin kowane abu da ya yi, ƴan jarida su zo su tambaye shi yadda yake aiki da kuma waɗanda suka yi masa tasiri. Hausa ba ta raba su ba. Magini ne ko maginiya, aikin kuwa gini ne, da kalmar nan guda da muke amfani da ita ga ɗaki da rumbu da ganuwar birni. A ganina Hausa ce ta fi kusa da gaskiya a nan. Sai dai tambayoyin da ake yi wa céramiste ba a cika yin su ga maginiyar ƙauye ba. Ita kuɗin randa ake tambayarta, a ƙwanƙwasa a ji ƙara, a yi ciniki, a ɗauka a tafi.

Abin da ke biye shi ne amsoshin da na samu da na kai waɗannan tambayoyi ga wata dattijuwa maginiya, a cikin hutun makaranta na shekaru uku a jere. Tana zaune a wata ƴar tunga cikin Dallol Boso, kusa da Bankuku, babban garin ƙasar Imanan, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara ta nufi Filinge. Wanda ya san wurin ya san mahaɗa ce ta al'ummomi: Abzinawa da Buzaye, Zabarmawa, Filani makiyaya, da mu Kurfayawa da ke arewa da su. Kwari ne na tsohon kogi da ya ƙafe tun zamanin da, ruwa yana kusa da doron ƙasa, shi ya sa Bankuku ta yi suna da noman dankalin turawa a lokacin ɗari. Dattijuwar nan tana jin harsuna uku, da Hausa muka yi hirarmu. Ina ce mata Inna, ita kuma tana ce mani Mushe, kamar yadda iyayen yara ke kiran kowane malamin lakwal.

A wurin Inna aiki daga bakin tabki yake farawa. Bayan an gama girbin hatsi, ruwa ya ja baya, ƙasa ta tsattsage, sai ta aika jikokinta da amalanken jaki, amma ita ce ke nuna wurin da za a haƙa. Takan gutsuri yumɓun ta murza tsakanin yatsu, ta shaƙa, ta ɗora a kan harshe. Ƙasar dallol tana da kanwa a wurare da dama, kuma yumɓun da kanwa ta yi wa yawa yakan sa tukunya ta riƙa ɓarewa bayan an gasa ta. Ta ce mani: «Mushe, yumɓu kamar mutane ne. Akwai mai taushin hali wanda ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, akwai mai taurin kai wanda ke tsagewa in rana ta taɓa shi. Aikina in haɗa su aure.» Haɗin nan da take nufi shi ne na yumɓu iri biyu da ƙaiƙayi da busasshen kashin jaki da kuma dakakken tsingaro. Kowanne da aikinsa. Ƙaiƙayi da kashin jaki suna ƙonewa cikin wuta, su bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta cikinsu ne ruwa ke tsatstsafowa waje, iska ta busar da shi, ruwan cikin randa ya yi sanyi. Tsingaro kuwa, da yake ya riga ya sha wuta sau ɗaya, shi ke hana sabuwar tukunya tsagewa wajen bushewa da wajen gashi. Saboda haka maginiya ba ta zubar da fasasshiyar tukunya. Inna ta nuna mani tarin tsingaro a bayan ɗakinta, ta ce akwai guntayen aikin mahaifiyarta a ciki, kuma da wuya ta gina randa ba ta sa ko ƙwaya ɗaya daga cikinsu ba.

Yadda take ginin ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla, domin a nan ne zancen nata ya ta'allaƙa. Akwai ɗan rami mai kama da ƙwarya a tsakar gidanta, ta shimfiɗa guntuwar tabarma a kai. Sai ta ɗora curin yumɓu, ta ɗauki dundunge, wato ɗan madaki na gasasshen yumɓu mai kan mulmule, ta fara dakan tsakiyar curin da hannun dama, hannun hagu yana juya shi kaɗan-kaɗan bayan kowane bugu. A hankali curi ya zama kwano, kwano ya zama kwatarniya, gefe ya yi ta hawa yana lanƙwasowa ciki har ya kusa rufewa, ba ma'auni, ba inji. Saƙar tabarma takan bar sawunta a jikin tukunyar. Wuya da baki daga baya ake ɗora su da murjajjen yumɓu, a lallaɓa da jiƙaƙƙen tsumma. Na tambaye ta yadda take sanin kauri ya yi daidai tun da ba ta ganin cikin bango. Ta ce da kunne: ƙarar dundunge takan canja idan bango ya fara yin siriri, kuma wadda ba ta iya jin wannan canji ba, ba ta gama koyo ba ko da ta shekara ashirin tana gini.

Sannan wuta. Maƙwabta huɗu ko biyar sukan tara tukwanensu wuri guda bayan gari, a jera su a kife, a rufe da kara da busasshen kashin shanu da ɗan icce, a jira maraice iska ta kwanta. Masana sun auna irin wannan gashi na fili a wurare da yawa na Afirka, zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900. Ba a iya sarrafa shi kamar yadda ake sarrafa tanderu. Idan iska ta taso, aikin wata guda yana iya tafiya cikin dare ɗaya. Inna ba ta taɓa kiran tukunya tata ba kafin gari ya waye a tone toka. Kafin nan, in ji ta, amana ce a hannun wuta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, da safe kowace mace takan tsinci nata cikin tukwane sittin ko fiye ba tare da gardama ba, alhali babu wadda ta sa hannu ko ta rubuta suna. Sun san juna ta lanƙwasar wuya da faɗin baki, kamar yadda malami ke gane rubutun ɗalibinsa ko da bai sa suna a takarda ba.

Da muka zo kan tambayar waɗanda suka yi mata tasiri, sai ta raba amsarta biyu, kuma rabon nan shi ne babban abin da na ɗauko daga wurinta. Ta fara da ado. Mahaifiyarta ba ta yin zane da launi. Jan ƙasa take shafawa, ta goge da tsakiyar ƴaƴan kuka har ya yi sheƙi, ta mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulu, shi ke nan. Inna tana budurwa ta ga tulunan da fatake ke kawowa daga bakin kogin Kwara, masu farin jiki da zanen ja da baƙi, irin waɗanda garin Bubon da ke arewa maso yammacin Yamai ya yi suna da su. Ta ga su ne mata ke rububi a kasuwa, musamman masu haɗa kayan ɗakin amarya. Sai ta nemi farar ƙasa, ta gwada, ya ɓaci, ta sāke, har ya zauna. Daga nan idonta ya buɗe. Ƙananan kusurwoyi uku-uku da take jerawa a wuyan randa daga matasan kai na fata ta ɗauko su, waɗanda matan maƙeran Abzinawa ke ɗinkawa. Wata fure mai kunne huɗu daga wata atamfa ce da aka yi yayinta. Akwai layukan da ta kwaikwayo daga tabarmar kaba, akwai na lalle. Har da harafin A na boko, wanda ta gani a allon jikanyarta ya burge ta, ta ce yana tsaye da ƙafa biyu kamar mace mai ɗauke da tulu, ta riƙa jera shi a cikin zane ba tare da ta damu da abin da yake nufi ba. Duk wannan ta faɗe shi da dariya, babu wata kunya ta aro.

Da aka zo kan ginin kansa kuwa sai muryarta ta canja. Ta ce wata shekara wata maginiya Bahaushiya daga gabas ta yi zaman cin rani kusa da su, tana gini ta wata hanya dabam: ta kife tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa faifan yumɓu a kanta ta bubbuga, in ya ɗan sha iska ta cire ta ɗora sauran. Hanyar ta fi sauri, kuma tukwanen sukan fito girma ɗaya. Inna ta koya, ta iya, har ta yi rani guda tana yi. Amma da baƙuwar ta tafi sai ta koma raminta da dundungenta. Ga yadda ta bayyana dalili: «Abin da ido ya gani a kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo hannu ya kwaikwaye shi. Abin da uwa ta sa maka a hannu kuwa, tun kana ƙarami tana riƙe da wuyan hannunka, wannan sai kabari. In na kife tukunya ina gini, sai in ji kamar ina magana da harshen da ba nawa ba. Ana fahimtata, amma ba na jin daɗin bakina.»

Malamin harsuna ba zai ji wannan misali ya wuce shi ba, domin haka ɗalibanmu suke: suna aron kalmomi daga Faransanci da Zabarmanci da Larabci ba wuya, amma karin harshe da ginin jimla na nono suna nan daram. Kuma abin da Inna ta faɗa da bakinta shi ne abin da bincike ya tabbatar. Olivier Gosselain, wani masani ɗan ƙasar Beljik daga jami'ar Bruksel, ya zagaya garuruwa da ƙauyuka masu yawa na Nijar a shekarun 2000 yana zama da magina. Abin da ya nuna a rubuce-rubucensa shi ne matakan aikin ba su da saurin canji iri ɗaya. Ado da launi da siffar da kowa ke gani suna yawo cikin sauƙi ta hanyar kasuwa da ƙaura da aure, suna ƙetare iyakar harshe da ƙabila. Hanyar tayar da jikin tukunya kuwa, wadda ake koyo tun ƙuruciya a hannun dangi har ta zama ɗabi'ar jiki, ita ce mai wuyar sauyawa, ita ce kuma magina suka fi ɗauka a matsayin gadonsu. Wannan ya kamata ya gyara mana wata al'ada da muke da ita a ƙungiyoyin al'adu. Sau da yawa idan muka ga sabon zane a jikin tulu sai mu ce gargajiya ta lalace, alhali zanen da muke kira na gargajiya shi ma aro ne na jiya. Gadon yana wurin da ba mu dubawa, cikin motsin wuyan hannu.

Babu wadda rayuwarta ta fi nuna haka kamar Ladi Kwali, maginiyar da duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ta Nijeriya ya ga hotonta a baya tana gini. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne, kuma a hannun wata ƴar'uwar iyayenta ta koya. Tun kafin wani Bature ya san ta, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana tara randunanta a gidansa saboda kyansu. A can ne Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya fara ganinsu a 1950. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wadda yau ake kira Suleja, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a cikin maginan wurin. Ta koyi gini a kan faifan juyi, ta koyi shafen gilashi da gashi a rufaffen tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200, ta yi kwanuka da butoci irin na Turawa. Amma manyan randunan da suka kai sunanta Landan, inda aka nuna su a 1958 da 1959 da 1962, da hannu ta gina su kamar yadda aka koya mata a Kwali, tana zagaya randar da ƙafa, ta zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi a jikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Na ba Inna wannan labari, na nuna mata hotunan randunan. Ta daɗe tana dubawa, ta yaba kafaɗa da wuya, ta ce wannan hannu ne da ya san abin da yake yi. Sannan ta yi tambaya guda: «Ruwa yana sanyi a ciki?» Amsar ita ce a'a. Randar da aka shafe da gilashi aka gasa da zafi mai tsanani ba ta tsatstsafo, ta kuma yi nauyin da ba a ɗaukarta zuwa rijiya. Siffar randa ce, amma ta bar aikin randa ta koma abin kallo. Inna ba ta kushe ba. Ta ce kowace tukunya da mai ita: waccan an gina ta don ido, tata kuwa don maƙogwaro, kuma wadda ta iya gamsar da ido da maƙogwaro a lokaci guda ita ce ta kai. Na sha karanta muhawarar masana a Faransanci a kan bambancin fasaha da sana'a, ban ga wanda ya yanke ta a taƙaice kamar haka ba.

Tasirin kuma bai tsaya ta hanya ɗaya ba, daga Turai zuwa gare mu. Magdalene Odundo, wadda aka haifa a Nairobi a 1950, tana ɗaliba a Ingila ta zo cibiyar Abuja a 1974, ta zauna wurin Ladi Kwali da sauran matan Gwari ta koyi gini da hannu. Yau tana cikin mashahuran magina na duniya, manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suna ajiye aikinta, kuma har yanzu ba ta gini a kan faifai, ba ta shafa gilashi: da hannu take tayar da tukunya, ta goge ta har ta yi sheƙi, kamar yadda mahaifiyar Inna ke yi da ƴaƴan kuka. Idan aka tambaye ta malamanta takan ambaci matan nan da sunansu. Ladabin da ake bin malami ke nan, kuma shi ne abin da maginanmu ba su samu ba.

Jiharmu ta Tilaberi ta san illar rashin suna fiye da kowa. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a ƙasar Tera, kuma a 1983 masanin tarihi Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ya jagoranci tono wurin. An samu tulunan binne matattu fiye da 600, wasu da kawunan mutane a samansu, wasu da mahaya dawaki, aikin da masana suka ce an yi shi tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Wasu daga cikinsu suna gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Bayan an nuna su a Faransa a 1993 sai ƴan kasuwar kayan tarihi suka yi ca, aka bi maƙabartun yankin da haƙa ba bisa ƙa'ida ba, har majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a shekarar 2000. Maginan Bura sun tafi da sunayensu da na malamansu, babu mai iya dawo da su. Maginan Imanan da Kurfai da Bubon da Mirya ta Damagaram suna raye, ana iya zuwa a gaishe su a tambaye su.

Ana yawan cewa roba da dalma ne za su kashe sana'ar. Gaskiya ne bidon roba ya kori tulu daga bakin rijiya, tukunyar dalma ta kori ta ƙasa daga murhu a gidaje da yawa. Icce ya yi tsada, kashin shanu masu lambu na sonsa. Rashin tsaron da ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar tun 2017 ya rage zirga-zirgar kasuwanni, ya kuma sa mata tsoron nisa da gari neman yumɓu. Amma randa ba ta da kishiya a ƙauyen da babu lantarki, har a birni ma gidaje da yawa ba su rabu da ita ba. Hasali ma tana iya samun sabon aiki. Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba, dabarar da ta sa ya samu kyautar Rolex a 2000. Ƙasar lambu irin Imanan tana da buƙatar wannan.

Abin da ya fi damun Inna wani ne dabam. A nan yammacin ƙasarmu ginin tukwane ya daɗe ana danganta shi da zuriyar waɗanda aka bautar, ana kallonsa aikin ƙasƙanci, ba kamar wasu sassan ƙasar Hausa ta gabas ba inda sana'a ce cikin sana'o'i, har maza suna yi. Dokar 2003 ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, amma doka ba ta wanke baki. A farkon kowace shekara muna ba ɗalibai takarda su cika sana'ar iyaye, kuma na sha ganin yarinyar da na san uwarta maginiya ce, da kuɗin randa aka saya mata littafi, ta rubuta ménagère, wato matar gida. Ba ƙarya take son yi ba, dariyar ƴan aji take gudu. Cikin ɗiyan Inna mata uku ɗaya ce ta koya. Cikin jikokinta mata babu wadda ta zauna bakin rami fiye da wasa. Ado kam ana iya farfaɗo da shi daga hoto ko bayan shekara ɗari. Motsin hannu da jin ƙarar dundunge ba sa shiga hoto, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan tsara ɗaya ta tsallake, an yi asarar da littafi ba ya mayarwa.

A nan ne nake ganin aikinmu yake, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ana ta zancen ƙirƙiro kalmomin kimiyya da fasaha. Kafin a ƙirƙiro, a tattara waɗanda ke akwai. A bakin maginiya guda akwai sunayen ire-iren yumɓu da kayan aiki da sassan tukunya da aibobin gashi waɗanda ba su cikin littattafan da muke koyarwa da su, haka kuma a Zabarmanci da Tamajak. Ɗalibai na iya rubuto su a matsayin aikin gida, kowa daga unguwarsa. Malamin kimiyya na iya koyar da busar ruwa da sanyaya da randa a gaban aji, malamin lissafi ya auna cikinta, malamin tarihi ya tashi daga ita ya kai Bura. Ranar da aka gayyaci maginiya makaranta, a ba ta kujerar malami, a kira ta da sunanta, a biya ta ladan darasinta kamar yadda za a biya kowane baƙon masani. Yarinyar da ta ga shugaban makaranta ya miƙe tsaye don uwarta ba za ta sāke ɓoye sana'ar a takarda ba. Ƙungiyoyin da ke shirya baje koli a ranakun bukukuwa kuwa su daina jera tukwane da takardar da ta ce «aikin gargajiya na yankin Filinge». A rubuta sunan wadda ta gina, da garinta, da wadda ta koya mata. Kuma kada alƙalan gasa su rage wa mace maki don ta sa furen atamfa ko harafin boko a tulunta.

Na tambayi Inna abin da take so a rubuta game da ita idan za a rubuta abu guda. Ba ta ambaci randa ko zane ba. Ta lanƙwasa yatsu ta lissafa mata huɗu: mahaifiyarta, da gwaggon mahaifiyar wadda ta rene ta, da uwar gwaggon, da wata tsohuwa da aka ce daga arewa ta zo da dundungenta ƙulle a bakin zane a wata shekarar yunwa. Ta san sunan kowacce, da garin da aka binne ta, da abin da aka fi yabonta da shi: wannan wuyan tulu, waccan babbar randa, waccan kuwa ba a taɓa ganin wuta ta ci mata tukunya fiye da biyu ba. Malamanmu na allo suna alfahari da salsalar waɗanda suka ba su karatu, kuma sun cancanta. Ga wata salsala ta mata huɗu, ta kai shekara ɗari ko fiye, tana ajiye a kan mutum guda da ta haura saba'in. A kowane ƙauye na Imanan da Kurfai akwai irinta. Littafin rubutu guda da yammaci biyu sun isa a ɗauke ta, kuma kowannenmu yana da ɗalibar da za ta iya kai shi gidan.